Shanun da Baffana Ya Cire wa Kai

Da littafina na farko ya fito, Baffana ya daɗe bai amsa gaisuwata ba. Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ne autansu. In na shiga gidansa a Ƙaura na durƙusa na ce ina kwana, sai ya ɗaga mini carbi, wai yana lazimi, alhali tun daga zaure nake jiyo rediyonsa yana ba da labarin ƙwallo. Da matarsa ta gaji da wannan wasan yara, sai ta zaunar da mu ta ce kowa ya faɗi abin da ke cikinsa. Baffa ya ce na sa shi a littafi, na mai da shi abin dariya.

Na ce, "Baffa, ko suna guda ban sa ba. Ban ce dogo ba, ban ce gajere ba, ban hwaɗi unguwa ba."

Ya ce, "Ke tahi can! Kaf Ƙaura babu wanda bai gane ni ba. Har 'yan kabu-kabu na nuna ni da baki."

Na sunkuyar da kai na ba shi haƙuri, don ƙanen uba ne. Amma da an bar ni da bakina, da na tambaye shi wanda ya koya mini sana'ar. Shi da hannunsa ya koya mini yadda ake yin abu babu kai a kuma gane shi, ko da yake ba karatun da ya yi niyyar ba ni ke nan ba.

Abin ya faro daga kakata, mahaifiyarsu, wadda duk gidan muke ce wa Inna. Bafulatana ce daga wata ruga a gefen Gurbin Bore. Da kakanmu ya rasu, mahaifina ya ɗauko ta ya dawo da ita gidanmu, ita da ƙorenta da saniya guda. Sauran shanun an raba gado sun watse. Wannan kuwa tata ce ta kanta, jikar jikar karsanar da ubanta ya ba ta ranar da aka kai ta ɗaki. Fara ce, ƙahonta na hagu ya lanƙwasa ya kalli ƙasa, aka kafa mata turke ƙarƙashin darbejiya a bayan madafi. Mahaifiyata kullum cikin mitar kashi da ƙudaje take, amma ban taɓa ganin ta mayar da ƙwaryar nono ba. A lokacin yanar ido ta fara rufe wa Inna gani, sai dai ko da lalube takan isa turken da safe, ta tsuguna, ta yi tatsarta tana yi wa saniyar hira da Fulatanci.

Ina aji biyu ko uku aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jiha. A watan nan babu namijin Ƙaura da bai hango kansa a kujerar kwamishina ba. Mahaifina tela ne a kasuwa, kuma shi kaɗai na san jihar ta amfana nan take, don mutanen da ba su taɓa wuce kaftani ba suka yi masa layi suna ɗinka manyan riguna, ko Allah zai sa a kira su Gusau. Baffa bai nemi kwamishina ba, shi hangensa ya fi nan. Ya ce tunda arziki ya tunkaro, mutane za su so wurin hutawa, sai ya buɗe gidan bidiyo kusa da tasha: rumfar zana, benci, talabijin da janareta. Da rana 'yan Indiya na rawa, da yamma 'yan China na dukan juna.

A makon da janareta ta iso, saniya ta bar gidan. Baffa ya durƙusa gaban Inna ya ce gari babu ciyawa, dabbar na ramewa, bari ya kai ta wurin danginta a Gurbin Bore ta shiga garke ta murmure. Inna ta shafa ta tun daga wuya har bindi, ta ce ya bi ta a hankali, ba ta son a ja ta da ƙarfi. Ranar Laraba ya fita da ita. Duk wanda ya san gobenta Alhamis, ya kuma san ranar da kasuwar Shinkafi take ci, ya san rugar da aka nufa: sayar da ita ya je yi. Mahaifina ya yi masa faɗa a zaure har maƙwabta suka jiyo, daga baya suka shirya a kan kada tsohuwa ta ji, wai kada zuciyarta ta buga. Aka tara mu yara aka ja mana kunne. Haka gida guda, manya da yara, muka ɗauki ƙaryar mutum ɗaya muna yi masa dako.

Ita kuwa Inna ba ta bar maganar ta mutu ba. Duk safiya in Baffa ya zo gaisuwa, kafin ya gyara zama za ta ce, "Auta, wane labari kaj ji na naggena?" Nagge ita ce saniya a bakinta. Farko yakan ce lafiya lau take, ta yi ƙiba. Da "lafiya lau" ta tsufa, sai ya ce ta haihu. Inna ta yi murna, ta tambaya namiji ko mace, wane launi, wa ya tatsa. Baffa ya share zufa ya ce karsana, fara. Ba a jima ba ta sake haihuwa. A bakin Baffa saniyar nan ta yi haihuwar da ko akuya ba ta yi, ba ta san rani ba, ba ta san damina ba, wata shekarar ma har tagwaye ta zuba. In Inna ta ce a kai ta ta taɓa ta ko sau ɗaya ne, sai hanya ta lalace. In rani ne garke ya yi nisa neman ruwa, in damina ce gulbi ya cika. Ban taɓa ganin hanyar da ta sha wahala irin ta Gurbin Bore a bakin Baffa ba.

Idon Inna ya ƙarasa rufewa a cikin waɗannan shekarun. Abu ɗaya take roƙo, kuma kullum da kalma ɗaya: ta ɗora hannu a jikin saniyarta kafin a ɗora mata ƙasa.

Ni a lokacin ba ni da aiki sai kududdufin bayan unguwarmu. 'Yan mata na gina 'yan tukwane da murhu suna wasan girki, ni kuwa ina can cikin maza muna gina shanun laka. Sauƙi gare su: ka murza dunƙule, ka ja ƙafa huɗu, ka tsunkuno tozo, ka soka ƙaya biyu a ka, shi ke nan ka yi sa. Mahaifiyata ta yi faɗan har ta gaji, ta ce an haifa mata mace ta koma makiyayi. A makaranta ma ba a yi maraba da ni ba. Ranar aikin hannu kowa kan je kasuwa ya sayo tsintsiya ko faifai ko muciya ya kawo, malam ya juya abin a hannu ya yaba gwanintar yaro, ya ba da maki, da an tashi a ɗaure kayan a bayan kekensa. Yarinyar da ta kawo tabarma sabuwa fil, da ƙullin mai saƙa a jiki, ita ta zo ta ɗaya. Ni na kai sa da saniya da na kwana biyu ina gyara, malam ya dube su ya dube ni, ya ce in gaya masa abin da uwargidansa za ta yi da wannan. Na ci maki kaɗan da dundu ɗaya.

Da na dawo ina kumbure-kumbure, Inna ta ce in miƙo ta gani. Gani a wurinta da yatsa ne. Ta lalube sa, ta lalube saniya, ta yi dariya har da tari.

"Wagga akuya ta," in ji ta. "Wanga kau jaki na, an soka mai ƙaya."

Na ce ai makauniya ba ta san kyau ba. Ta kai mini duka da mafici ta samu iska, don tsakanina da ita babu kunya, jika da kaka ne. Da dariya ta lafa sai ta riƙe hannuna ta ce, "Tunda sun ƙi kai ni, ke ki kawo man ita. Gina man naggena."

Tun daga ranar na sami uwargijiya, kuma ban taɓa yi wa mai wuyar sha'ani aiki irinta ba, har da editocin da na sani daga baya. Ita ta ce in bar lakar kududdufi in ɗebo yumɓu a bakin gulbi, inda masu tukwane suke ɗiba. Ita ta ce in kwaɓa da ƙaiƙayi don kada ya tsage, in shanya a inuwa, in tura cikin toka mai zafi bayan an sauke tuwo. Na daina soka ƙaya, na koyi murza ƙaho da yumɓun kansa. Na yi ta ɓata lokaci ina shafa farar ƙasa don saniyar ta fito fara, har sai da Inna ta tambaye ni ko fari yana da ɗumi ne da za ta ji shi a hannu. Daga nan na gane wa nake yi wa aiki.

Dabarata ɗaya ce, ƙahon hagu. Na san shi ne alamar saniyar, don haka duk ƙarfina a kai yake ƙarewa. In zauna in lanƙwasa ƙahon nan daidai, in gyara kunne, in huda hanci da tsinke, sauran jikin kuwa in dunƙula shi yadda ya samu. In kai mata ina rawar jiki. Ta fara daga kai, ta yi murmushi, ta gangara baya, murmushin ya ɗauke.

"Ƙaho dai nata na," za ta ce. "Amma wagga ba ita ta ba."

Ba ta yar da ko ɗaya ba. Duk wadda ta faɗi jarrabawa sai ta shiga ƙarƙashin gadonta. Sannan ta ƙaro mini aiki: duk maraƙin da Baffa ya ce an haifa, sai na gina shi. Yana zaune za ta kira ni ta ce, "Zo ki ji, an ƙaru. Auta, hwaɗa mata kamannunai." Baffa ya yi ta in'ina yana ƙirƙiro maraƙi, ni kuma in tafi in gina. Wani lokacin ta jawo ɗaya daga ƙarƙashin gado ta ce, "Wanga ba shi na kac ce baƙi ba bara? Yau kuma ya koma ja?" Baffa ya ce ai maraƙi kan sauya gashi. Ta ce ikon Allah, shanun zamani. A hankali garke ya cika ƙarƙashin gado, rabi kuskurena, rabi ƙaryar Baffa, kuma kullum da hantsi sai an fito da su an jera mata a tabarma, a daidai inda yake durƙusawa gaisuwa. Ni a lokacin ban ga komai a ciki ba sai wasa. Na lura dai Baffa ya koma gaisuwa daga tsaye.

Sai Shari'a ta zo. Mahaifina yana cikin waɗanda suka cika mota suka tafi Gusau bikin ƙaddamarwa, ya dawo muryarsa ta dushe don kabbara, fuskarsa fal murna. Mahaifiyata ta yi hamdala da aka rufe gidan giya da na caca a bayan tasha, don ta san matan da suka sha kuka saboda su. Ni ma na yi murna, an ɗinka mini sabon hijabi. Mutanen kirki da yawa sun ƙara kirki a lokacin, wannan na gani da idona. Amma akwai wasu da abin ya zo musu kamar sabuwar kasuwa, kuma Baffa bai taɓa bari kasuwa ta ci babu shi ba.

Tun kafin kowa ya yi masa magana ya rufe gidan bidiyo. Ya kwaso wandunansa ya kawo wa mahaifina a rage tsawo. Ya saki gemu, gemun ya fito nan ya ƙi can, ya dai haƙura da abin da ya samu. Rumfar ba ta canja ba, janaretar ma ita ce, sai dai yanzu kaset ɗin wa'azi take juyawa, ga turare da asuwaki a kan tebur. Mutumin da bara ya san sunan kowace 'yar rawa a Indiya, bana ba ya buɗe baki sai da Larabci, Larabcin kuma bai wuce kalma biyar ba, yana ta juya su kamar mai riga ɗaya. Da ya ga kasuwa ta cika da masu wa'azi da suka fi shi gemu, sai ya juyo gida, inda babu mai ja da shi.

A wani kaset ya ji cewa surar abu mai rai ba ta halatta, amma in an cire kai ta zama kamar itace. Wannan karatun ya shige shi ƙwarai, don karatu ne da ake yi da reza. Ya bi kalandar ɗakin mahaifina ya yanke kawuna. Ya kankare fuskar jaririn da ke jikin gwangwanin madara. Akwai wani faranti na mahaifiyata mai hoton zakara, shi ma bai tsira ba. Mahaifina ya gaya masa ya tambayi tsohon limamin unguwarmu, liman ya ce abin wasan yara babu laifi a cikinsa. Baffa ya ce liman mutumin kirki ne, sai dai bai saurari sababbin kaset ba.

Ranar da ya zo kan garken, da hantsi ne, mahaifina na kasuwa. Na jera wa Inna shanunta a tabarma tana bin su da hannu. A cikinsu akwai wadda na fi ji da ita, wadda na gama a makon, ƙahonta ya fito har Inna ta daɗe tana murza shi. Baffa ya yi sallama irin ta kaset, ya tsaya a kanmu ya ce, "Inna, gumakan ga su ka hana mala'iku shiga gidan ga." Bai jira amsa ba ya tsuguna. Ya ɗauki na farko, ya sa babban yatsa a wuya, ƙas. Ya ajiye gangar jikin a inda ya ɗauke ta, a natse, ya ɗauki na biyu. Da maraƙan ya fara, na lura da wannan, kuma da sauri yake yi. Tagwayen nan da ya haifa da bakinsa, shi ya cire musu kai da hannunsa.

Na yi ihu, na riƙe masa riga, na ce Baffa bar mini wannan guda. Ya ce in ji tsoron Allah. Mahaifiyata ta leƙo daga madafi ta koma, don ƙanen miji ne, kuma ya zo da sunan addini. Inna ta janye hannunta ta ɗora a cinya, tana jin ƙas, ƙas, har aka zo kan mai lanƙwasasshen ƙaho. Da ya gama ya tattara kawunan a gaban rigarsa ya watsa su bayan katanga, ya kakkaɓe hannu ya ce, "To, yanzu sun halatta. Ku ci gaba da wasanku." Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani Baffa a hantsin nan ba, kuma ba zan ce tsanar ta wuce da wuri ba.

Na yi rantsuwa ni da yumɓu har abada. Ko komawa gina tukwane ma na ƙi. Damina ta shigo, Inna ta kwanta, abinci sai an yi da gaske take kai loma biyu. Ta sake roƙon Baffa ya kai ta Gurbin Bore, ya ce gulbi ya kawo, in sha Allahu da kaka. Ƙarya dai ba ta cikin abin da ya ji a kaset, ko kuwa ranar janareta ta ɗauke.

Wata la'asar ina yi mata fifita ta ce, "Ke, ina naggena? Kin bar ni haka nan?"

Na ce, "Inna, mi za ni ginawa? In na sa kai Baffa shi karye. In ban sa ba, da mi za ki gane ta?"

Ta yi tsaki mai ƙarfin da ban zaci ya rage mata ba. Ta ce, "Ke dai wawuya ta. Ni kai nika tatsa?"

Ta ce in tuna, ai na san saniyar, ƙarƙashinta nake ɓuya duk ranar da za a yi mini kitso. Kuma gaskiya ne. Da na rufe ido na bar ƙahon nan ya fita daga raina, sai ga sauran saniyar ta dawo mini, wadda na shekara ina tsallakewa. Na tuna tozonta ba a tsaye yake ba, ya ɗan kwanta dama. Na tuna ƙugunta na hagu ya fi na dama sauka, shi ya sa in tana tsaye kamar tana jiran a gama magana ta tafi. Na tuna wata jijiya mai kauri da ta bi cikinta har hantsa, wadda nake bi da yatsa ina ɓoye. Inna ta kama hannuna ta kai kwiɓinta, ta ce a nan, gaban ƙugu, akwai wani ɗan rami, nan take kafa goshinta in tana tatsa, shekara da shekaru, har wurin ya san goshin.

Na koma bakin gulbi. Wannan karon babu inda zan ɓuya, don babu ƙahon da zai yi mini aiki. Na gina na rushe, na gina na rushe. Na yi ta da girma, ta cika tafin hannu biyu. Wuyan na ja shi na shafe bakinsa sumul, na tsaya nan. Na koyi rufe ido in bi ta da yatsa kafin in yarda da ita, don ido yana da saurin yafewa, yatsa kuwa ba ya yafe komai. Ramin kwiɓin shi ya fi ba ni wuya, in ya yi zurfi ya zama rauni, in bai yi ba ya ɓace. A ƙarshe da goshin ɗan yatsana na danna shi, sau ɗaya, na bar shi.

Ina fito da ita daga toka ke nan da safe sai ga Baffa. Ya karɓa ya juya, ya ga babu kai, fuskarsa ta washe. Ya ce madalla, haka ake so, ashe nasiha na shiga. Don jin daɗin ya ga ɗalibarsa ta farko, shi da kansa ya ɗauka ya shiga ɗakin Inna, ina biye. Mahaifina na ciki yana ba ta kunu. Baffa ya durƙusa ya sa mata a hannu ya ce, "Inna, ga irin wadda Shari'a ta yarda da ita."

Ta fara daga bindi, tunda babu inda ta saba farawa. Ta hau ƙugu, ta tsaya, ta koma ɗaya ƙugun, ta dawo. Ta bi gadon baya har tozo. Ta juya ta ta bi jijiyar ciki. Da yatsanta ya faɗa ramin kwiɓi sai hannun ya tsaya cak. Ta ɗaga saniyar da hannu biyu, a hankali, ta kafa ta a goshinta. Sai ta yi wani ɗan kira a maƙogwaro, irin wanda take yi da safe in ta nufi turke, wanda rabon da mu ji shi tun ranar Larabar nan.

"Ita ta," in ji ta. "Wallahi ita ta."

Na fashe da kuka, na murna ne, ban kuma ji kunyar kowa ba. Mahaifina ya ajiye kofin kunu ya juya fuska bango. Baffa na ta murmushi yana gyaɗa kai kamar shi ya gina.

Inna ta sauke ta, yatsanta ya bi wuya har inda wuyan ya ƙare. Ta daɗe tana shafa wurin. Sannan ta ce, "Auta."

"Na'am, Inna."

"Sau biyu ke nan kana cire mata kai. Na Shinkahi dai an ba ka janareta. Wanga mi anka ba ka?"

Baffa ya buɗe baki, Larabcin nan biyar babu wanda ya zo masa. Mahaifina ya ce, "Inna, wa ya..." Ta ce mai kawo mana nono 'yar rugarsu ce, kuma a gaban mijinta aka ɗora saniyar a motar kudu. Tun a makon ta sani.

"Na yi shiru in ga maraƙi nawa za ka haihwa man," ta ce. "Kuma kullum ina cewa yau ɗana zai hwaɗa man gaskiya da bakinai. Har ka yi gemu ba ka hwaɗa ba." Ta rungume saniyar a ƙirji ta juya ga bango. "Ku tahi. Ɗiyag ga ta kai ni Gurbin Bore."

Ba ta sake tambayar labarin saniya ba. Baffa ya ci gaba da zuwa gaisuwa, ya durƙusa, ta amsa, shi ke nan, babu abin da ya rage su ce wa juna. Sai a lokacin na ga ashe ƙaryar ce hirarsu. Bayan an yanke gero Inna ta rasu, saniyar na gefen matashinta.

Da aka zo raba 'yan kayanta, ƙore da zannuwa da tasoshi, Baffa wanda ba a taɓa raba ko goro ya yafe nasa ba, ya ce ba ya son komai. Bayan an share makoki, wata la'asar ina wanke-wanke a bakin rariya, ya zo ya tsaya a kaina. Ya duba hagu ya duba dama, ya zaro abu daga aljihu a naɗe cikin hankici. Saniyar ce. Idonsa ya yi ja, muryarsa ta koma irin ta da, kafin kaset.

Ya ce, "Ɗiyata, ki sa mata kai. Da ƙahon, yadda yake. Ni na manta kamanninta."

Na dube shi, na dubi gemun, na ce, "Baffa, ai haramun na."

Ya naɗe ta ya mayar aljihu ya fita. Tana nan a ɗakinsa har yau, a kan kabad, bayan rediyo, na gan ta ranar da matarsa ta zaunar da mu. Bai sake roƙo ba, ni kuma ban yi tayi ba.